Ranar Da Na Ce Ban San Shi Ba

Ina gaishe ku cikin sunan Ubangijinmu Yesu Almasihu. Na daɗe ina jin shaidu a majami'a, wani an warkar da shi, wata ta samu haihuwa, wani ya tsira daga haɗarin mota, jama'a su tafa su ɗaga hannu. Tawa shaidar ba a tafa mata. Amma na san akwai masu ɗauke da irin kayan da na ɗauka shekara bakwai, suna zuwa sujada kowace Lahadi ba wanda ya san abin da ke cin su, don su nake ba da wannan labari.

Ni Bahaushe ne, haifaffen wani ƙauye tsakanin Malumfashi da Ƙafur a Jihar Katsina. Kakanninmu Maguzawa ne. Mahaifina ya karɓi bishara yana saurayi ta hannun masu wa'azin SIM, mishan ɗin da ECWA ta fito daga cikinta, ƙanensa kuma ya musulunta. A tsakar gida ɗaya muka tashi da 'ya'yan baffana, akushi ɗaya muke sa hannu. Da dare nakan zauna gefen makarantar allo, bakin wutar kara, ina jiran ɗan baffana ya tashi mu tafi dandali, har Fatiha da Ƙulhuwallahu suka zauna a kaina ba wanda ya koya mini. Sunana kuma cikin sunayen annabawa ne da Musulmi da Kirista duk suke raɗa wa 'ya'yansu. An yi mini baftisma a rafi ina shekara goma sha shida. Ina tsaye cikin ruwa fasto ya tambaye ni ko zan bi Yesu har mutuwa, na amsa da ƙarfi har waɗanda ke bakin gaɓa suka ji.

A 1989 na zo Kaduna, na gama koyon ɗinki, na buɗe shago a Kasuwar Barci da ke Tudun Wada. Yawancin masu kawo mini ɗinki Musulmi ne, shadda da kaftani da babbar riga, kuma sun san ni Kirista ne, domin ba na buɗewa ran Lahadi. Ba wanda ya taɓa ce mini uffan a kan haka. A majami'armu ni ke karatun Littafi Mai Tsarki a sujadar Hausa, saboda yawancin 'yan ikkilisiyar mutanen kudancin Kaduna ne da Filato, suna son jin karatun daga bakin mai harshen.

Cikin 1998 wata gwauruwa a majami'armu, Bajju ce daga wajen Zonkwa, ta kawo mini ɗanta mai shekara goma sha biyar. Ta tsaya a ƙofar shago riƙe da hannunsa ta ce, “Ga shi nan, amana ce. Ba shi da uba sai kai.” Yaron mai natsuwa ne, hannunsa na da kyau a kan keke. A shagon yake kwana. Aikinsa na farko kowace safiya shi ne ya je wurin wani tsoho mai sayar da gawayi a bakin lungu, ya auno na naira goma, ya hura dutsen guga. Duk ranar da na iso shago ƙanshin gawayin nan ke fara tarbata.

Masu shekaru sun san yadda rikicin Kaduna na 2000 ya faro. Gwamnan Zamfara, Ahmed Sani Yarima, ya ƙaddamar da Shari'a a watan Oktoban 1999, maganar ta iso Majalisar Dokokin Jihar Kaduna, gari ya ɗauki zafi. Ran Litinin 21 ga Fabrairun 2000 ƙungiyar Kiristocin Nijeriya, CAN, ta kira tattaki zuwa Gidan Gwamnati don nuna rashin amincewa. Gwamna Ahmed Maƙarfi ba ya ƙasar, mataimakinsa Stephen Shekari ke riƙe da jihar. Ni ban je tattakin ba. Babbar Sallah saura mako uku da 'yan kwanaki, ɗinki ya taru mini. Matata kuwa tana Kakuri da yaranmu biyu wurin yayarta da ta haihu.

Kafin azahar kasuwa ta watse. Hayaƙi ta ko'ina, ihu, ƙarar gudu. Muka ja ƙofar ƙarfe muka kulle ta ciki, ni da yaron. A nan muka kwana. Ruwan da ke cikin jarka muka jiƙa garin kwaki da shi. Cikin dare na ji haƙoransa suna haɗuwa, na kunna tocila na karanta masa Zabura ta 91, na dafa kansa na ce, “Kada ka ji tsoro. Duk abin da zai same ka sai ya fara samuna.” Da bakina na faɗi wannan, kuma a lokacin har zuciyata nake nufi.

Da asubar Talata na ga in muka ƙara yini a ciki za a cinna wa layin wuta da mu. Na ɗauko kaftanin wani mai ɗinki na sa masa, na kafa masa hula, na ce kada ya buɗe baki ko me aka tambaye shi, domin Hausarsa tana da karin mutanen kudu. Muka bi lunguna. Mun kusa fita babban titi sai muka yi kaciɓis da shinge: tayoyi suna ci, benci a gicciye, samari wajen ashirin da adduna da gorori, ɗaya riƙe da galan na fetur. Wasunsu ba su girmi yaron nawa ba. Idanunsu jajur, da gani su ma ba su runtsa ba.

Ɗaya ya ɗora mini bakin adda a kafaɗa. Har yau in na tuna ina jin sanyin ƙarfen ta cikin riga.

“Kai, Musulmi ko arne?”

Ban yi shawara da zuciyata ba. Kafin tunani ya zo, baki ya riga ya ce, “Musulmi.”

“Yi shahada.”

Na yi.

“Jawo Fatiha.”

Na jawo ta tiryan-tiryan, da irin karin da na ji a bakin wutar kara ina yaro. Ya sauke addar ya ce, “Yi haƙuri, Malam. Wuce.”

Da a nan abin ya tsaya ma ya isa nauyi. Amma sun riga sun ja yaron gefe. Wani ya buge masa hula, ya tambayi sunansa. Ya yi shiru kamar yadda na ce masa. Aka ɗauke shi da mari, sai ya faɗi sunansa na baftisma, kuma kalma biyu da ya ƙara suka tona shi. Wanda ya sake ni ya juyo ya ce, “Malam, tare kuke?”

Yaron ya ce, “Oga.” Sau ɗaya tak, ba da ƙarfi ba.

Na ce, “Wallahi ban san shi ba. A hanya ya biyo ni.”

Ya dube ni. Ba harara ba ce, ba kuka yake ba. Kallon yaro ne da aka gaya masa abin da bai gane ba, yana jira a sake faɗa. Na juya na kama hanya. Na ji ƙarar duka a bayana, na ji muryarsa, ban waiwaya ba. Ƙafafuna suna tafiya kamar na wani.

Wajen hantsi na tsallake kogin Kaduna zuwa kudancin gari. Ina sanye da kaftani da hula, fuskata ta Bahaushe. Can ma shinge, can ma tayoyi, can ma samari da adduna, sai dai waɗannan namu ne. Suka yi kaina suna cewa ga ɗaya ya kawo kansa. Na ɗaga hannu ina ihu ni Kirista ne. Suka ce in yi Addu'ar Ubangiji. Na yi. Suka ce Yohanna 3:16. Na kawo ta ba gargada, na ƙara da sunan majami'armu da na fastonmu. Suka sake ni. A gefen kwata akwai wani dattijo mai farin gemu a durƙushe, carbinsa a ƙasa, yana roƙonsu da Allah. Ya ji Hausata, ya ɗago ya dube ni. Shi ma na wuce shi ban ce komai ba.

Wannan shinge na biyu ya fi daɗewa yana damuna. Da farko na ɗauka da safe na yi musu, da hantsi na yi shaida. Daga baya na gane abu ɗaya na yi sau biyu. Tsoro ne ya karanta Fatiha, tsoro ne ya karanta Addu'ar Ubangiji. Duk wanda ya riƙe adda a ranar, shi ne ubangijina. Saboda haka ba na iya zama inda ake ba da labarin rikicin kamar mu kaɗai aka zalunta. Na ga namu da idona. Hukumar binciken da gwamnati ta kafa ta ƙirga mamata sama da 1,000, kuma a cikinsu akwai masu carbi akwai masu Littafin Waƙoƙi.

Kwana uku bayan haka uwar yaron ta same ni a barikin soja inda jama'a suka yi gudun hijira. Ta kama rigata tana tambaya. Na ce mata gudu ya raba mu a cikin hayaƙi. Ta yi ta sa mini albarka wai na yi ƙoƙari.

Bayan mako biyu labari ya zo an gan shi a asibiti da rai, da sara a kai da kafaɗar hagu. Majami'a ta ɓarke da waƙa. Ni ma na tashi tsaye, amma cikina ya ɗuri ruwa, domin na san yanzu zai faɗa. Ban je asibitin ba. Na ba matata kuɗi ta kai, na ce zazzaɓi nake yi. Na jira a kira ni gaban dattawa, mako ya wuce, wata ya wuce, shiru. Yaron bai gaya wa kowa ba, har uwarsa. Da aka sallame shi suka koma Zonkwa, ba su ƙara dawowa ba.

Rikicin ya sake tashi a watan Mayu na shekarar, sannan na Nuwamban 2002, kuma garin ya rabu yadda kowa ya sani: Musulmi suka tattara arewacin kogi, Kirista suka gangara Sabon Tasha da Television da Narayi da Unguwar Romi. Ni ma na kwashe kekunana na koma Sabon Tasha. A waje komai ya daidaita. Ina karatu a sujada, ina ba da zakka da baiko, har aka so a zaɓe ni dattijon ikkilisiya na ƙi. Amma duk ranar Jibin Ubangiji, in tiren ya iso gabana sai in miƙa wa na kusa da ni. Aya ɗaya ce ta tsaya mini a wuya kamar ƙaya, Matiyu 10:33, inda Yesu ya ce wanda ya yi musun saninsa a gaban mutane, shi ma zai yi musun saninsa a gaban Ubansa na Sama. Na yanke wa kaina hukunci da ita. Ina addu'a don matata da yarana, ban yi wa kaina, domin na ɗauka an riga an rufe fayil ɗina. Na daina hura dutsen guga da kaina, in yara suna hurawa sai in fita waje, ƙanshin gawayi yana tayar mini da zuciya.

Matata ta lura. Wani dare ta ce, “Maigida, shekara nawa ke nan kana wuce da ƙoƙon nan? In mace ce ka gaya mini, zan iya ɗauka.” Na ce ba mace ba ce. Ta ce, “To mene ne ya fi wannan?” Na juya mata baya. Hausawa na cewa ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba, na riƙe wannan karin magana na mai da ita mafaka, alhali abin da na ajiye a cikin yana ruɓewa ne.

Ran Jumma'a Mai Kyau, 6 ga Afrilun 2007, aka ba ni karatun Luka sura 22. Na sha karanta wurin, nakan bi ta kansa da sauri kamar mai tsallake garwashi. Ran nan na zo inda Bitrus ke zaune bakin wuta a farfajiyar babban firist, baranya ta ce wannan ma tare yake da shi, ya ce bai san shi ba. Na wuce na biyu, na wuce na uku, zakara ya yi cara. Sai aya ta 61, inda Ubangiji ya waiwaya ya dubi Bitrus. Muryata ta ɗauke. Fuskar yaron nan ce a kan takardar, hula a ƙasa, yana jira in sake faɗa. Na ajiye Littafin a kan bagade na fita ta ƙofar gefe, na zauna bayan ɗakin Zumuntar Mata ina kuka irin wanda ban yi ba ko ranar da mahaifina ya rasu.

Wanda ya biyo ni wani tsohon rabaran ne da ya yi ritaya, yana zama a bencin gaba da sandarsa. Ya zauna a kan bulo kusa da ni, bai tambaye ni komai ba sai da na yi shiru. Sannan na kwashe duka na gaya masa, har dattijon mai carbi. Na ce, “Baba, ni an gama da ni. Yesu da bakinsa ya faɗa.”

Ya ce, “Ɗana, lokacin da Yesu ya faɗi maganar nan ta Matiyu 10, Bitrus yana wurin ko ba ya nan?”

Na ce yana nan.

“Ya ji da kunnensa, ya je ya yi musu sau uku, har da rantsuwa. To buɗe Markus 16:7.” Na buɗe. Mala'ika a bakin kabari yana ce wa matan su je su gaya wa almajiransa, da Bitrus. Ya sa yatsa a kan sunan ya ce, “Almajirai goma sha ɗaya suka rage, sunan mutum ɗaya aka ambata. Me ya sa? Domin shi ne wanda in aka ce almajirai su zo, zai ce ba da shi ake ba.”

Bai sassauta mini ba, wannan ma ya sa na yarda da shi. Ya ce abin da na yi zunubi ne babba, kada in bari kowa ya ce mini dabara ce ko hikima. Amma ya ce ba ni na fara ba. Ya ba ni labarin shekara ta 250, lokacin da Sarkin Roma Desiyus ya ba da doka kowa ya yi hadaya ga gumaka a ba shi takardar shaida. A birnin Kartaj, cikin ƙasar Tunisiya ta yau, Kirista da yawa suka yi hadayar, wasu suka sayi takardar da kuɗi. Da tsanani ya lafa suka dawo ƙofar ikkilisiya suna kuka. Wani shugaba a Roma mai suna Nobatiyan ya ce kada a karɓe su har abada. Bishof Sifiriyan na Kartaj da sauran bishof-bishof suka zauna a 251 suka ce a karɓe su bayan tuba ta gaskiya. Shi kansa Sifiriyan ɓuya ya yi a wancan tsanani, mutane suka yi ta zarginsa, amma a 258 ya tsaya aka fille masa kai saboda Almasihu. Baba ya ce ikkilisiya ta zaɓi hanyar Sifiriyan, ni kuma shekara bakwai ina bin Nobatiyan a kan kaina.

Sai ya ce, “Kai tela ne, ka san gawayi. A Bisharar Yohanna sau biyu aka ambaci wutar gawayi. A 18:18 Bitrus yana jin ɗuminta ya yi musu. A 21:9, bakin tekun Galili, Yesu da kansa ya hura ta, ya ɗora kifi, ya ce su zo su karya kumallo. Ya mai da shi wurin ƙanshin nan da gangan. Kuma da suka ci, bai tambaye shi ko yanzu ya zama jarumi ba, bai ce ya yi alkawari ba zai ƙara ba. Sau uku abu ɗaya ya tambaya: kana ƙaunata? To ni ma shi zan tambaye ka.”

Na daɗe kafin na amsa. Na duba cikina, jaruntaka babu, amincin da zan yi tutiya da shi babu, amma wannan ɗaya tana nan, ita ce ma ta hana ni barci shekara bakwai. Na ce, “Baba, ya sani ina ƙaunarsa.” Muka durƙusa a kan yashi ya yi mini addu'a, ni ma na roƙi gafara da bakina, karo na farko. Da muka tashi ya ce, “Allah ya gafarta maka, wannan ba ni da shakka. Amma akwai ɗan rago da ka bari a bakin titi. Sai ka je Zonkwa.”

A daren na gaya wa matata. Ta yi kuka, ta yi kwana biyu ba ta iya haɗa ido da ni, ran na uku ta ɗaure mini kaya ta ce in gaishe su.

Na same shi a wata rumfa kusa da kasuwa, a kan keke. Ya zama magidanci. Tabon ya ratso daga saman kunne zuwa goshi, hannun hagu kuma ba ya ɗaguwa sosai, da kafaɗa yake tura yadi. Da ya gan ni ƙafarsa ta tsaya a kan feda. Ya ce, “Oga.” Na zube a ƙasa gaban yaran shagonsa. Ya sallame su, ya ja labule.

Na faɗi abin da na zo faɗa. Ya saurara har na gama, sannan ya ce, “Oga, shekara biyu ina addu'a Allah ya saka mini a kanka. Ba zan ɓoye maka ba. Amma ka san abin da ya fi yi mini ciwo? Maganar bakin titi na gane ta, adda ce a wuyanka. Asibiti ne. Kwana ashirin ina kallon ƙofa.”

Ban da amsa. Har yau ban da ita.

Ya ce mutane a ƙauye suna kiransa jarumin bangaskiya, shi kuwa ya san ba a ba shi zaɓi ba, sunansa da harshensa suka amsa masa. “Da ina da Hausarka da Fatiharka, ban san abin da zan yi ba. Ranar da na gane haka na daina yi maka mugun fata.” Sannan ya gaya mini yadda ya rayu. Bayan sara na biyu, tsohon nan mai gawayi ya fito daga lungu da gudu, ya faɗa kansa ya rufe shi da jikinsa, yana cewa, “Yarona ne! Ku fara da ni!” Samarin sun san tsohon, wasu a gabansa aka haife su. Suka ja da baya. Ya ja shi cikin rumfarsa, ya ɓoye shi bayan buhunan gawayi, ya ɗaure masa kai da rawaninsa, ya yi kwana biyu yana ba shi koko da cokali har sojoji suka shigo unguwar.

Maganar da na yi alkawarin faɗa a daren Litinin, Musulmi mai sayar da gawayin naira goma ne ya faɗe ta da safiyar Talata.

Ya kama hannuna da hannunsa mai lafiya ya ɗaga ni, ya ce ya yafe. Uwarsa ta fi wuya. Da ta ji gaskiya ta shiga ɗaki ta rufe ƙofa, ban ga fuskarta ba sai a zuwana na uku, bayan wata takwas. Ran nan ta kawo mini ruwa da hannunta.

Na koma Tudun Wada neman tsohon, karo na farko da na taka unguwar tun 2000. Aka ce ya rasu shekara uku da suka wuce. Na samu babban ɗansa na yi masa ta'aziyya, na gaya masa abin da mahaifinsa ya yi. Bai taɓa ji ba. Tsohon bai ba kowa labari ba. Muna zumunci da gidan har yanzu, ɗinkin Sallar yaransu a wurina yake. Dattijon mai carbi kuwa ban san sunansa ba, ban san inda zan kai ta'aziyyarsa ba. Wannan na bar shi a hannun Allah, kuma ba ya barin addu'ata.

Na tsaya gaban ikkilisiya na faɗa da bakina. Dattawa suka sa ni horo na wata shida, na koma bencin baya, na ajiye karatu. Na ga daidai ne. Wani dattijo da aka kashe 'ya'yansa biyu a rikicin, waɗanda aka ce sun ƙi yin musu, ya yi shekara ba ya ba ni hannu, kuma ban ga laifinsa ba ko kaɗan. Amma cikin watannin nan mutum huɗu suka zo shagona ɗaya-ɗaya, bayan magariba, kowanne ya zauna yana wasa da guntun yadi kafin ya ce shi ma. Ɗaya mace ce da ta yafa hijabin maƙwabciyarta ta amsa wani suna. Ba wanda ya taɓa gaya wa kowa. Na kai su wurin Baba. Ranar da horona ya ƙare aka yi Jibin Ubangiji, tiren ya iso gabana, na ɗauka. Hannuna yana rawa har ruwan inabin ya ɗiga a rigata.

Tun da aka sace 'yan matan Dapchi a 19 ga Fabrairun 2018, aka sako sauran bayan wata guda aka riƙe Leah Sharibu saboda ta ƙi barin bangaskiyarta, ana yawan ambatonta a wa'azi. Yarinya 'yar shekara goma sha huɗu ta yi abin da ni mai gemu na kasa, ina girmama ta, ina yi mata addu'a da iyayenta. Roƙona ga masu wa'azi shi ne, in sun ɗaga sunanta, su tuna a bencin da ke gabansu akwai irina, kada su sauka daga bagade ba su karanta Yohanna 21 ba. In an ce mini gobe za a sake ɗora mini adda, ba zan bugi ƙirji ba, na bugi ƙirji a rafi ina shekara goma sha shida, na sake bugawa a daren Litinin. Abin da nake yi shi ne roƙo kowace safiya ya riƙe ni, kamar yadda ya gaya wa Bitrus tun kafin faɗuwarsa cewa ya riga ya yi masa addu'a.

Shekaru kaɗan da suka wuce, wata safiya cikin hunturu, ina buɗe shago sai ga mota ta sauke mutum biyu. Shi ne, furfura ta fara fito masa kusa da tabon, da yaro ɗan shekara goma sha huɗu ɗauke da jakar buhu. Muka gaisa. Ya ce hannunsa ba ya barinsa ya koya wa yaron yankan babbar riga yadda ya kamata, kuma ba a Zonkwa ake wannan aikin ba. Ya kama hannun yaron ya sa a nawa ya ce, “Oga, ga ɗan farina. Amana ce.”

Na kasa magana. Na shiga ciki na ɗauko dutsen guga da ledar gawayi, na tsuguna a ƙofar shago, na ce wa yaron ya ajiye jakarsa ya matso in nuna masa yadda ake hurawa.